Shokozobar Baya: Kekunan Miliyoyi da Hanyoyin Garbadu

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwaltar da ta taso daga Gusau ta ratsa Talata Mafara ta miƙe Sakkwato, ya kama hanyar ƙauye a bayan babur, ba sai an yi masa bayanin gargada ba. Hanyoyin gona da na ƙananan ƙauyukan da ke kewaye da Garbadu, da waɗanda ke bin gefen magudanan ruwan Bakolori a ƙasar Bakura da Maradun, kowane lokaci da irin wahalarsu. Da damina ruwa ya zaizaye su ya bar ramuka da taɓo. Da kaka taɓon ya bushe da sawun tayoyi da kofaton shanu a jikinsa, ya sandare. Da bazara kuma yashi ya kwanta a kan ramin, ba ka ganinsa sai ka faɗa. A kan waɗannan hanyoyi ake fito da shinkafa da dankali da albasa da tumatir zuwa kasuwar Talata, a kansu ake kai mai naƙuda asibiti, a kansu malamin firamare ke zuwa aiki.

Abin da ke tsakanin wannan hanya da ƙashin bayan mutum bai taka kara ya karya ba a ido. Ƙarafa biyu ne masu naɗaɗɗen sifirin, ɗaya a dama ɗaya a hagun tayar baya, waɗanda makanikai ke kira shokozoba. Ba mai waiwayarsu sai ran da suka mutu. Amma can a Amurka da Turai da Taiwan, injiniyoyi sun shafe sama da shekara 30 suna kai ruwa rana a kan wannan ɗan wuri, har da gurfanar da juna a kotu, kuma ba ma a kan babur ba, a kan keke. Keken hawan tsauni na ƙarshen tsada yau yana kai dala 10,000 zuwa sama, wato fiye da naira miliyan goma a canjin yanzu, kuma kaso mai tsoka na abin da ake biya kuɗin ilimin yadda tayar baya za ta riƙa motsi ne. Ba na tsammanin wani manomi a Garbadu zai sayi irinsa, ba na kuma yi masa sha'awar hakan. Sai dai tambayar da waɗancan injiniyoyi ke neman amsarta ita ce tamu: yaya taya za ta zauna a ƙasa, mahayi ya tsira da ƙugunsa, ƙarfi kuma kada ya tafi a banza?

Keken da aka haifa a gangaren dutse

A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya suka fara ɗaukar tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya suna tseren gangarowa daga tsauni. Cikinsu akwai Joe Breeze da Gary Fisher, waɗanda daga baya sunayensu suka zama sunayen kekuna. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma babu sifirin ko ɗaya a tayoyinsa. A 1989 kamfanin RockShox ya kawo shokozobar gaba. Wanda ya ƙirƙiro ta, Paul Turner, daga harkar tseren babur ya fito. Zuwa 1996 tseren keken tsauni ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Gaba ba ta ba da wahala sosai ba. Baya ce ta gagara. Tayar gaba aikinta juyawa da karkata da birki. Ita kuwa tayar baya sarƙa na jan ta, birki na riƙe ta, kuma mafi yawan nauyin mahayi a kanta yake. A babur ana iya kawar da kai daga wannan, saboda injin Boxer mai lamba 100 yana ba da ƙarfin doki kimanin takwas, yana kuma ba da shi a miƙe ba yankewa. Mai keke kuwa, idan tafiya ta yi nisa, ko rubu'in ƙarfin doki ɗaya da ƙyar yake riƙewa, kuma ƙarfin nasa a guntu-guntu yake zuwa, dama ta taka hagu ta taka. Wanda jarinsa ke nan ba shi da abin zubarwa.

Kafin a shiga zancen ƙira, a fara raba abu biyu da mu kan haɗa su a suna ɗaya. Sifirin shi ke karɓar duka. Amma sifirin ba ya cinye duka, ajiye shi yake ya dawo da shi nan take. Abin da ke hana shi wurgo mutum sama shi ne man da ke cikin bututun tsakiya, wanda ake tilasta wa bi ta 'yan ƙananan ƙofofi, sai motsin ya lafa. Mutum idan ya diro daga kan amalanke, gwiwarsa ta lanƙwashe ta karɓi nauyin, tsokar cinya kuma ta riƙe shi ya miƙe a hankali. Gwiwa ita ce sifirin, tsoka ita ce man. A kekunan tsada iska ce aka matse a cikin gwangwani take aikin sifirin, saboda ta fi ƙarfe rashin nauyi kuma ana iya ƙara ta ko rage ta daidai da mahayi.

To, matsalolin baya uku ne, kuma gyaran ɗaya kan ɓata ɗaya. Na farko, duk lokacin da aka taka feda keke ya zabura gaba, nauyin mahayi ya koma baya, shokozoba ta tsuguna, sannan ta miƙe kafin taku na gaba. Sai keke ya riƙa rawa sama da ƙasa, ƙarfin da ya kamata ya tura mutum gaba yana ƙarewa wajen dumama mai. Dabarar da aka gano ita ce a sa gaɓar da hannun tayar baya ke juyawa a kanta a wurin da jan sarƙa zai riƙa ƙoƙarin miƙar da shokozoba daidai gwargwadon yadda nauyi ke danne ta. Idan biyun suka yi kunnen doki, keke ya nutsu. Amma idan aka zarce, duk dutsen da taya ta taka sai sarƙa ta fizgo feda baya, mahayi ya ji a tafin ƙafarsa. Na biyu, birki. A wasu ƙirar, da ka matse birkin baya shokozoba ta ƙage, taya ta fara tsalle, a daidai lokacin da ka fi bukatar ta kama ƙasa. Na uku, ana son ta yi laushi a farko don ta sha ƙananan tsakuwa, ta yi tauri a ƙarshe don kada ta daki gindi idan an faɗa babban rami. Wannan ya sa galibi ba a ɗaure shokozoba kai tsaye, sai an bi da ita ta 'yan hannuwa masu sauya ƙarfin danniya yayin da taya ke hawa. Keken da tayarsa ke motsa milimita 150, shokozobarsa kan motsa kimanin milimita 55 zuwa 60 kacal.

Inda aka sa gaɓa

Mafi sauƙi ita ce gaɓa ɗaya: hannu guda riƙe da taya, yana juyawa a kan ƙusa ɗaya kusa da feda. Haka na Boxer yake, haka na kusan duk baburan da ke kasuwanninmu. Kamfanin Orange na Ingila ya daɗe yana riƙe da wannan ƙira a kekunansa masu tsada, kuma yana da hujja, domin abin da ba shi da gaɓoɓi da yawa ba ya yawan lalacewa.

Wanda ya fara girgiza harkar shi ne Horst Leitner, haifaffen Ostiriya da ya zauna a Kalifoniya, shi ma maƙerin babura ne tun asali. Ya ƙara wata 'yar gaɓa a hannun ƙasa, ɗan gaba kaɗan da cibiyar tayar baya. Wannan ɗan sauyi ya raba taya da birkinta daga babban hannu, sai shokozoba ta ci gaba da aiki ko da an matse birki. Specialized ya sayi haƙƙin mallakar ƙirar, ya sa mata suna FSR, ya yi shekaru yana karɓar kuɗi daga masu son amfani da ita a Amurka. Da wa'adin mallakar ya ƙare, kamfanoni suka yi mata caa. Yau tana cikin ƙirar da aka fi gani a duniya.

Wasu kuma suka bi ta wata hanya. Suka mai da dukan bayan keke ƙarfe ɗaya mai kusurwa uku, suka rataye shi a jikin firam da 'yan gajerun hannuwa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tun da hannuwan biyu ke juyawa tare, wurin da taya ke kewayawa ba ƙusa ba ce da za ka nuna da yatsa, wuri ne a sarari mai sauyawa yayin da taya ke hawa. Wannan ya ba injiniya damar cewa a farkon motsi sarƙa ta riƙe sosai don hawan tudu, a ƙarshe kuma ta saki. Kamfanin Santa Cruz ya sayi irin wannan ƙira mai suna VPP, inda hannuwan ke juyawa ɗaya dama ɗaya hagu. Wani injiniya Ba'amurke, Dave Weagle, ya fito da tasa mai suna DW-link wadda hannuwanta ke juyawa gefe ɗaya, kuma a kanta Sam Hill ɗan Ostireliya ya ci gasar duniya ta gangaren tsauni a 2006 da 2007. Giant na Taiwan yana da tasa, Maestro.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a 'yan shekarun nan, kuma ni ma shi ya fi burge ni, shi ne ɗaga gaɓa can sama da faranti mai haƙora na feda. Ka lura da taya idan ta ci karo da bakin rami ko tushen itace: dukan ba daga ƙasa kaɗai yake zuwa ba, daga gaba yake tura ta baya. Idan gaɓa na ƙasa, taya sama kawai za ta iya gudu, har ma ta ɗan karkato gaba, wato tana tunkarar abin da ya buge ta. Idan gaɓa na sama, taya sai ta ja da baya tana hawa, ta kauce wa dukan, keke ya wuce bai rasa gudu ba. Illarsa ita ce nisan da ke tsakanin feda da taya yana ƙaruwa sosai, sarƙa ta miƙe ta fizgi ƙafa. Maganin da aka yi shi ne ƙara wani ɗan faranti mai haƙora kusa da gaɓar, a ɗora sarƙa ta bi ta kansa. Tunanin tsoho ne, amma ya dawo da ƙarfi bayan da Amaury Pierron ɗan Faransa ya lashe kofin duniya na gangare a 2018 a kan keken Commencal, kamfanin da ke ƙasar Andora. A 2019 Forbidden na Kanada ya sa ƙirar a keken yawon yau da kullum mai suna Druid, sannan Trek ya bi sahu da Session a 2021 da Slash a 2023. Ba kyauta ake samun wannan daɗi ba. Sarƙa ta ƙara tsawo, wurin shan ƙura ya ƙaru, kuma ɗan farantin nan yana cin wani abu daga ƙarfin mahayi, musamman idan ya yi datti.

Masu tseren nisa, waɗanda kowane giram ke damunsu, sai suka nufi akasin haka: rage gaɓoɓi. Maimakon ƙusa da boris a kusa da tayar baya, sai a sirantar da hannun a daidai wurin, a bar shi ya riƙa lanƙwasa da kansa. Zaren kabon da ake ƙera waɗannan kekuna da shi yana jure haka idan an shimfiɗa shi yadda ya dace. Cannondale ya yi haka a Scalpel na 2020. Trek kuwa a 2019 ya fito da Supercaliber, wanda shokozobarsa ta zama wani sashe na firam ɗin kansa, tayar na motsa milimita 60 kacal, kuma a kansa Jolanda Neff 'yar Suwizalan ta ci zinare a Olamfik ɗin Tokiyo a 2021. A shekarar ce kamfanin Scott ya ɓoye shokozobar kekensa Spark a cikin firam, inda laka da ƙura ba sa kai mata.

Sai kuma lantarki. A 2018 Fox ya fito da Live Valve, mai 'yan na'urorin da ke auna motsin taya sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya su buɗe ko su rufe ƙofar mai kafin mahayi ya ji dukan. RockShox ya biyo da Flight Attendant a 2021, wanda ba ya bukatar waya. A nan, a ganina, an bar gyaran ƙira an koma rufe gibinta da batir. Ga mai neman lambar zinare yana da amfani. Ga sauran jama'a ƙarin abin caji ne.

Kaya, ba gudu ba

Mu dawo gida. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ma'anar wannan ga hanya ita ce kaya ba sa yankewa. Inda wasu ke jiran kaka, nan rani ma girbi ne. Kuma daga bakin gona zuwa inda mota za ta iya tsayawa, babur ne da keke da jaki da amalanke.

Ka tsaya a bakin fadama ka kalli yadda ake lodi. Ɗan kabu-kabu ya kafe babur, a ɗora buhu na farko a kan kariya, a ɗora na biyu a kan kujera, wani lokaci a kwantar da na uku a kan tanki. A jawo igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub a zagaye sau uku a ɗaure. Kafin ya hau, sifirin ya riga ya matse har zobbansa sun kusa haɗuwa. Da ya zauna, saura kaɗan taya ta taɓa madigadi. Daga nan har kasuwa babur ɗin ba shi da shokozoba sai a suna, duk ramin da aka faɗa kai tsaye yake wucewa zuwa sifok da firam da ƙugun matuƙi. Ya sauke kaya ya juyo shi kaɗai, sai babur ya koma yi masa tsalle.

Nan ne babban bambancin yake, kuma shi ya sa ba a kwafo ƙirar Turawa a manna. Mai keken tsauni nauyinsa ɗaya ne daga safe har yamma. Yana saita shokozoba sau ɗaya, yadda idan ya zauna za ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon motsinta, ta bar sauran don ramuka. Shi kuwa babur ɗin Garbadu da safe yana ɗauke da mutum mai kilo 65, da hantsi mutumin da buhu biyu masu cin kilo 100 kowanne, da la'asar mutum uku. Babu sifirin guda da zai yi daidai da duka ukun. Kamfanin Bajaj na Indiya ya san da haka, shi ya sa yake sa wa Boxer sifirin biyu, ƙarami a cikin babba. Makanikanmu ma sun san da haka tun kafin wani ya gaya musu. Za ka ga an ƙara shokozoba ta zama bibbiyu a kowane gefe, an yi wa kariya walda da rodi an tsawaita ta, an sauya sifok da masu kauri. Wannan ilimi ne na gaske, wanda aka samo da hannu. Abin da ya rage masa shi ne awo. Kariyar da aka tsawaita ta wuce cibiyar tayar baya tana ɗage nauyi daga tayar gaba, kan babur ya yi sakayau, ya ƙi bin umarni a cikin yashi. Da za a matso da buhu mafi nauyi gaba, kusa da bayan matuƙi, da an rage faɗuwa da yawa ba tare da kashe ko kwabo ba.

Abu na biyu da ke damuna shi ne yadda muke hawan matacciyar shokozoba shekara da shekaru. A rumfar makanike alamar ba ta ɓuya. Ka duba sandar da ke tsakiyar sifirin, za ka ga mai ya tsattsafo ƙura ta manne ta yi baƙin danƙo. Ka danna kujera da hannu biyu ka saki: mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya, matacciya sai ta yi ta lilo. Mai babur zai ce ai sifirin bai karye ba, a bar shi. Alhali man da ya tsiyaye shi ne rabin aikin. Tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, kuma tayar da ba ta ƙasa birki ba ya cin ta. Tumatirin da ke cikin kwando yana isa kasuwa a farfashe a sayar da shi a wulaƙance. Mace mai ciki da aka goyo daga ƙauye tana shan kowane rami a mararta. Kuɗin sabuwar shokozoba yana da ciwo a wannan zamani, na sani, amma wanda ya ƙi biyansa a shago yana biyansa a wurin mai ɗori da mai sayar da maganin ciwon baya. Da yawa daga cikin shokozobar irin waɗannan babura suna da wani zobe mai matakala a gindin sifirin, wanda ake murɗawa a ɗaga bayan babur idan za a yi lodi, a sassauta idan an sauke. Mafi yawan masu babur ba su taɓa taɓa shi ba tun daga ranar da aka kwance kwali. Wanda zai murɗa, ya tabbatar dama da hagu suna mataki ɗaya.

Komawar keke, da tarkon da ke kasuwa

Keke yana dawowa, ba don sha'awa ba. A 2021, lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Uba mai 'ya'ya a makarantar sakandare ta gari dole ya sake lissafi.

A nan ne nake son a yi hattara. Kasuwa ta cika da kekuna masu ƙyalli da aka yi su da siffar waɗancan na tsauni, da ƙaton sifirin ja ko rawaya a ƙarƙashin sirdi. Yaro na ganinsa ransa ya biya. Amma galibin masu arahar nan sifirin ne tsirara, babu mai a ciki, babu abin da ke lafar da shi. Duk matsalolin nan uku da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙi da su, a irin wannan keke suke zaune gaba ɗaya. Yana da nauyi, yana rawa a kowane taku, gaɓarsa da roba aka cusa wadda ba ta daɗewa sai bayan keke ya fara kaɗawa hagu da dama. Uwa uba, ba a iya ɗaura masa kariyar kirki, tun da bayan nasa motsi yake. Keken da ba ya ɗaukar jarkar ruwa ko ƙullin ciyawa ko ƙanin mai shi, me zai yi a ƙauye?

Akwai kuma na gwanjo da ke shigowa daga ƙasashen waje, waɗanda wasunsu na gaske ne, an taɓa sayensu da tsada. Su ma sai an yi tunani. Shokozobar iska tana bukatar famfo na musamman mai matsi fiye da abin da injin mai faci ke bayarwa. RockShox yana shawartar a buɗe gwangwanin iskar a wanke a sauya mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Ɗalibin da ke awa biyu a kan keke kullum zai cinye wannan cikin kwana 25, kuma lissafin ba da ƙurar hunturunmu aka yi shi ba. Ran da robar ciki ta fashe, babu ita a Mafara. Idan firam na kabon ne ya tsage, mai walda ba shi da abin yi masa.

Wani labari ya isa ya nuna inda gaskiyar take. Kamfanin SRAM na Amurka shi ya mallaki RockShox tun 2002. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, F.K. Day, shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005, wadda ke samar da keke ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya da manoma a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi da Zimbabuwe. Mutanen da suka fi kowa sanin shokozoba, da suka tashi ƙera keken karkarar Afirka mai suna Buffalo, ba su sa masa ita ba ko ɗaya. Ƙarfe ne mai kauri wanda ake iya yi wa walda, da sifok masu ƙarfi, da kariyar da aka yi ta don ɗaukar kilo 100.

Iyayenmu da suka hau Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, sun riga sun zauna a kan wannan amsa. Ka juya sirdin tsohon keke ka duba: sifirin na nan a ƙarƙashinsa. Mutum ne aka ɗora a kan laushi, kaya kuma aka bar su a kan tsayayyen ƙarfe, don haka nauyin buhu bai shafi aikin sifirin ba. Tayarsa inci 28 ce, babba mai haye rami ba tare da ta faɗa ciki sosai ba. Masu keken tsauni sun yi shekaru a kan inci 26 kafin su koma inci 29 saboda wannan dalili. Wani abu da suka gano wanda ya kamata mu ɗauka shi ne faɗin taya: mai faɗi da iska daidai tana shan ƙananan gargada kafin ta kai ga firam, tana kuma tafiya a kan yashi maimakon nutsewa. Haka nan ruwan danƙon da suke zubawa cikin taya ya toshe hudar ƙaya da kansa, abu ne da zai yi wa mai bin hanyar gona rana.

Ina ganin aikin da ya rage namu ne, domin babu kamfanin Kalifoniya ko na Andora da zai zauna ya yi lissafin buhun shinkafar Bakolori. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talata Mafara, da ɗaliban injiniyanci da ke neman abin da za su rubuta aikin kammala karatu a kai kowace shekara. Ga tambayoyi a ƙofar makarantarsu. Nawa ne ainihin nauyin da baburan kasuwar Talata ke ɗauka? Wane kaurin sifirin ya dace da shi? Za a iya ƙera ƙaramin sifirin na taimako wanda ba ya fara aiki sai an yi lodi? Ina ya kamata kariya ta tsaya? Ma'auni da tef da haƙurin zama a rumfar makanike sun isa a fara, kuma makanikan suna da abin koyar da su fiye da yadda suke zato. Ina roƙon malamansu su tura su can.

Kai kuma mai karatu, idan Talata mai zuwa za ka saya wa yaronka keke, ka bar mai ƙaton sifirin a baya. Ka nemi mai tsayayyen firam na ƙarfe, da faffaɗar taya, da kariya mai ƙwari, da sirdi mai sifirin. Idan babur gare ka, kafin ka ɗora buhu gobe da safe ka danna kujerarsa ka saki. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya, ka fara biyawa ta wurin makanike.